Waƙafi

Ƙarfe uku na dare a Gdynia.
Jiragen ruwa sun yi likimo a bakin tasha,
ni kaɗai, da shayin da ya huce,
da allo mai jan ido guda.

Na'ura ta goma sha bakwai, a rumbun sanyi,
inda kifi tan arba'in ke kwance.
Ɗan leƙen da muka ɗora mata ya ce ta mutu.
Daga nan bai ƙara ko uffan ba.

Ludwik Zaręba ne ya ƙera shi
shekara shida baya, layi tamanin,
ba bayani ko na ƙwayar gero,
sai a can ƙasa ya rubuta: kada a taɓa.
Yanzu yana ƙauye yana kiwon zuma,
wayarsa a kashe tun faɗuwar rana.

Na ƙwanƙwasa wa na'urar, ta amsa.
Na sake, ta amsa kafin in ƙifta ido.
Ashe mai rai ake wa zaman makoki.

Na zargi kalmar sirri. Ba ita ba ce.
Na ce ko ɗan aiken gajen haƙuri gare shi,
yana juyowa kafin a buɗe masa ƙofa;
na ƙara masa daƙiƙa talatin. Ja.
Sittin. Ja.
Na kashe, na kunna, kamar kowa in dabara ta ƙare.
Ja wur, kamar garwashi.

Gani ya kori ji.
Na ɗauki rigar sanyi na sauka.
Mai gadi, tsoho Kulesza, ya haska mini tocila,
numfashinmu na tashi fari tsakanin akwatuna.
Waya na zaune daram a raminta,
ƙaramar fitila na ƙyaftawa abinta,
kifi ya daskare kamar itace.
Ya ce, "Danuta, to me ya lalace?"
Na ce, mai kawo labarin.

Na hau, yatsuna sun ƙage,
na buɗe kundin da ba wanda ke karantawa.
Layi dubu huɗu, duk magana ɗaya:
wannan ba lamba ba ce,
wannan ba lamba ba ce.
Tun ƙarfe biyu da kwata yake faɗa,
ni ina can ina tuhumar waya.

Na ce, nuna mini abin da ka gani,
ɗanyensa, kada ka dafa.
Ya nuna: sha takwas, da biyar a gefe.
Na duba sau uku ban ga aibu ba,
don haka aka koya mini rubutawa a aji biyu.
A na huɗu idona ya tsaya a tsakiya.

Waƙafi.
Inda ɗigo ya saba zama.

Daren nan aka sabunta babbar kwamfuta,
wani mai kirki ya mayar da ita harshen ƙasarmu,
ta soma raba lamba irin yadda muke rabawa.
Mai karɓar saƙon kuwa ɗigo kawai ya sani.
Ɗan hakin da ka raina,
shi ne mai 'yar wutsiya a ƙasa.

Na taɓa abin da aka ce kada a taɓa.
Layi ɗaya.
Na jira minti guda, tsawonsa kamar jiran jirgin ƙasa a ƙanƙara.
Kore.

Ban yi murna sosai ba.
Mahaifina na tuna, a Tczew,
da nake cewa ba ya magana tun rasuwar Mama,
alhali duk Lahadi sai ya ba ni labarin tumatirinsa,
wanne ya nuna, wanne ya ƙi.

A ƙarƙashin rubutun Ludwik na sa nawa:
an taɓa, ga dalili, ga kwanan wata.
Na dafa sabon shayi.
Can waje ƙugiya ta ɗaga kwantenar farko,
tsuntsayen teku sun fara gardama,
saura awa biyu tsohon ya tashi.